Ƙofar da Alƙali Tackett Bai Taɓa Shiga Ba

Babu kujerar da Elwood Tackett bai ɗumama ba a kotun garin Tolliver. Ya zauna a bencin 'yan kallo tun yana ɗan makaranta, lokacin da kallon shari'a ya fi masa darasin lissafi daɗi. Ya zauna a teburin masu kare wanda ake ƙara yana sabon lauya mai kwat ɗaya tal, sannan ya koma teburin lauyan gwamnati. Ya tafi majalisar jiharsu ta Missouri, a Amurka, ya yi zango biyu, kuma abin da ake tuna shi da shi a can wata gada ce da ya yi ta surutu a kanta, har 'yan majalisa suka gaji suka ba shi don kunnuwansu su huta. Daga nan ya dawo gida ya tsaya takarar alƙali, ya ci, ya hau kujerar sama ya zauna har gashin kansa ya ƙare. Ko akwatin shaida ma ya taɓa shiga, lokacin da aka sace masa injin yankan ciyawa.

Wuri ɗaya ne ya gagare shi. A hannun hagun kujerar alƙali akwai wata ƙofar katako, bayanta kuwa ɗakin da ake rufe mutum goma sha biyun da ake zaɓowa daga jama'ar gari su saurari shari'a su yanke hukunci. Alƙali ba ya shiga ɗakin nan in suna ciki, lauya ba ya shiga. Shekara da shekaru Elwood na karanta musu doka, Roscoe masinjan kotu ya tasa su gaba, ya ja ƙofa, ya dasa kujerarsa a bakinta. Jim kaɗan da rufewa kuma, kusan kullum, sai a jiyo dariya daga ciki.

Dariyar nan ta daɗe tana cin Elwood. Mene ne abin dariya a shari'ar satar alade? Ya taɓa tambayar Roscoe.

"Alƙali, ni ƙofa aka ba ni gadi," in ji Roscoe. "Ba a ba ni gadin magana ba."

Ya yi ritaya bai sani ba. Ya koma gida ya addabi matarsa Maxine da shari'o'in da babu wanda ya kawo masa: wa ya bar famfo a buɗe, ko kajin maƙwabta suna da hurumin shiga gonar tumatir. Mutanen gari ba su daina kiran sa Alƙali ba, amma sun koyi tsallaka titi idan sun hango shi suna sauri.

Rannan sai ga sammaci daga kotu. Sunansa ya faɗo cikin waɗanda za a tantance don zaman 'yan sha biyu. Takardar nan in ta zo wa mutumin Tolliver, nan take yake tuna bayansa na ciwo ko saniyarsa na gab da haihuwa. Elwood kuwa shigowa ya yi kicin yana ɗaga ta sama, bakinsa har kunne.

Maxine ta goge hannu ta karanta, ta miƙa masa abinsa.

"Kada ka sa rai, tsoho. Ba za su ɗauke ka ba."

"Doka ba ta hana ba. Na duba."

"Na san ka duba. Amma kowane lauya yana da damar korar mutanen da ba su yi masa ba, ba tare da ya faɗi dalili ba. Kai da bakinka ka ce lokacin da kake lauya, duk wanda ka ga ya iya magana shi kake fara kora."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ji haushi. Ya zauna ya ja kofin gahawarsa.

"Maxine, so nake na shiga ɗakin nan sau ɗaya kafin na mutu," ya ce. "Na tura mutane ciki ban san iyaka ba. Ban san ko suna jin abin da nake gaya musu ba."

Ta dube shi, tausayinsa ya kama ta, sai ta ja kujera ta zauna ta shiga horar da shi. Kada ya sa kwat, ya sa rigar da yake zuwa kamun kifi da ita. In an tambaye shi, ya ce e ko a'a. Duk maganar da ta fara da "idan muka duba" ya haɗiye ta tun tana maƙogwaro.

"Kuma don Allah ka bar tabaraunka a fuskarka," ta ƙara.

"Me ya haɗa tabarau da wannan?"

Ta buɗe baki za ta faɗa masa, amma ya riga ya shiga bayanin cewa babu wata doka a jihar da ta yi magana kan tabarau. Ta tashi ta koma kan tukunyarta.

Ranar tantancewa kotu ta cika. A kujerar sama Alƙaliya Loretta Voss ce, wadda ta fara aiki a ofishin Elwood tana ɗaukar masa littattafai. Lauyoyin ma duk a gabansa suka koyi tsayuwa: Dwight Ansley, dogo siriri mai yawan gyaran murya, da Curtis Bohannon, gajere mai tumbi da ba ya rabo da gumi ko da sanyi ake.

Ansley ne ya iso kansa da tambaya.

"Alƙali… wato, Mista Tackett. Ka san wani cikin masu wannan shari'a?"

"E."

"Wa ka sani?"

"Duka. Kai ma na san ka. Idan muka duba, ai ni na…"

Daga bencin baya Maxine ta yi tari mai ƙarfi. Elwood ya rufe bakinsa.

"Ci gaba, Mista Ansley," in ji alƙaliya, tana kallon takardunta don kada a ga fuskarta. "In sanin mutane zai hana zama, sai mun ƙetara jihar Arkansas aron jama'a."

Da aka gama, lauyoyi suka kori waɗanda za su kora. Elwood ya zauna hannu a gwiwa yana jira. Aka fara kiran sunaye, sai ya ji nasa. Daga baya aka ji yadda abin ya kasance. Ansley ya tabbata Bohannon zai kore shi, tun da Elwood ya taɓa cin sa tara kan zuwa kotu a makare. Bohannon kuma ya tabbata Ansley zai kore shi, tun da Elwood ya taɓa ce masa ya zauna ya bar ɓata wa kotu iska. Kowannensu ya bar wa ɗan'uwansa aikin, don babu mai son a ce shi ne ya kori Alƙali sannan su haɗu a coci ranar Lahadi.

Shari'ar ta bijimi ce. Vernon Skaggs yana da wani baƙin bijimi mai suna Sanata, wai don ba ya aikin komai sai ci da gurnani. Sanata ya ƙetare shinge ya shiga makiyayar maƙwabcin Skaggs, Hoyt Mabry, ya yi wa wata jar saniya barbara. Saniyar kuwa ba ta banza ba ce, ita ta ci gasar shanu ta yankin, kuma Mabry ya riga ya nema mata miji ɗan asali. Maraƙi ya fito dabbare-dabbare. Mabry ya ce an ɓata masa iri, a biya shi. Skaggs ya ce ɓangaren shingen da ya karye na Mabry ne, kuma mutumin da ya sami maraƙi kyauta godiya ya kamata ya yi.

An zaunar da Elwood kusa da Opal Dunaway, wata tsohuwa da ta yi rayuwarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Ta sha zaman 'yan sha biyu a zamanin Elwood, don ita kaɗai ce a garin ba ta da saniya mai haihuwa. Tana zama ta miƙa masa alawar minti.

"Ka sa a baki, Alƙali. Yana hana magana."

Ya kuwa yi amfani. Sau da yawa Bohannon zai jefa tambayar da ba ta dace ba, Elwood ya ji "ba a yarda ba" ta taso masa, sai gwiwar hannun Opal ta sauka a haƙarƙarinsa. Ya ga kura-kurai a ranar nan da za su cika kwando, ya haɗiye su duka. Da yamma ya koma gida da ciwon haƙarƙari da farin ciki. Maxine ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce an hana su tattauna shari'ar da kowa, har matan aurensu. Ta ce a duk dokokin ƙasar nan wannan ce ta fi so.

Washegari shaidu suka kusa ƙarewa. An ce da an gama da Mabry, lauyoyi za su rufe jawabi, a shigar da 'yan sha biyu ɗaki kafin abincin rana. Elwood ya yi ta satar kallon ƙofar nan. Har ya tsara abin da zai yi in ya shiga: ba zai nemi shugabanci ba, zai zauna can ƙarshen tebur ya saurara. Shi dai haka ya gaya wa kansa.

Mabry yana akwatin shaida, Bohannon yana masa tambayoyi a madadin Skaggs.

"Tun yaushe ka san wanda kake ƙara?"

"Tun muna yara. Mota ɗaya ke kai mu makaranta."

"Kun taɓa samun saɓani kafin wannan?"

"A'a." Mabry ya murza hularsa a hannu. "Vernon ne ya kama mini gawar babana muka kai makwanci. Shekarar da na karye a ƙafa, shi ya girbe mini ciyawa." Ya dubi Skaggs. "Tun da maraƙin nan ya faɗo ba mu gaisa ba. Matata takan toya kek ta ce na Vernon ne, sai ta tuna."

Skaggs ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Zuciyar Elwood ta karye. Tsofaffi biyu, saura musu shekara nawa, za su ƙare su suna juya wa juna baya saboda bijimin da bai ma san ana yi ba. Ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya cire tabaraunsa, ya naɗe shi, ya sa a aljihun riga, ya matse karan hancinsa, ya ɗaga kai ya dubi silin don kada hawayen su zubo.

Bohannon ya tsaya tsakiyar magana, bakinsa a buɗe. Ansley ya miƙe da sauri har kujerarsa ta kusa kifewa.

"Ya mai shari'a, muna roƙon ɗan hutu," suka faɗa kusan tare.

Alƙaliya ta dubi lauyoyin, ta dubi Elwood, ta dafe goshi. "An ba ku."

Suka ja mutanensu waje. Elwood ya mayar da tabaraunsa ya jira, yana mamakin abin da ya tsikare su. Ba a jima ba suka dawo, Mabry da Skaggs a gaba, suna gardamar wa zai kawo turaku wa zai kawo waya. Ansley ya gyara murya ya sanar da kotu cewa an sasanta. Mabry zai riƙe maraƙi, su biyun za su gyara shinge tare, Sanata kuma za a mai da shi makiyayar da ke bayan tudu. Babu sauran abin da za a yanke.

'Yan kallo suka fara tashi suna murna. Elwood ya zauna kamar an dasa shi. Bohannon ya zo wucewa yana share gumi, ya kama shi.

"Curtis, me ya faru? Saura ƙiris."

"Ai ka cire tabarau, Alƙali."

"To sai me?"

Bohannon ya dube shi ya ga da gaske yake tambaya. "Duk lauyan da ke yankin nan ya sani. In ka cire tabarau ka dubi silin, nufinka ku fita ku sasanta, in ba haka ba dukanku ku ji babu daɗi. Babana ma lauya ne, ya koya mini wannan kafin ya koya mini tuƙin mota. Ina ganin hannunka ya tafi fuska, ƙafata da kanta ta nufi ƙofa."

"Ni ban taɓa yi wa kowa alama ba," in ji Elwood a hankali. "Idona ne ke kawo ruwa in mutane sun ba ni tausayi."

"Tun da can?"

"Tun da can."

Bohannon ya sosa ƙeya. "To, Alƙali, idon nan naka ya kashe shari'u fiye da gudumarka ta alƙalanci."

Elwood ya juya ya hango Maxine a bencin baya tana girgiza kai. Ya yi wa Mabry da Skaggs murna, har zuciyarsa. Amma baƙin ciki ya cika shi, don ya san a shekarunsa sammacin nan ba zai sake zuwa ba, in ma ya zo babu lauyan da zai maimaita wannan kuskure. Ga shi dama ta kai shi har bakin ƙofar, amma da hannunsa ya rufe wa kansa ita.

Roscoe ya matsa kusa da kujerar alƙaliya ya yi mata raɗa. Ta saurara, ta buga guduma.

"'Yan sha biyu, ku dakata, ban sallame ku ba. An riga an kawo abincinku daga gidan abinci, kuma al'adar kotun nan a ɗakinku kuke ci, ƙofa a rufe. Sai kun cinye zan sallame ku." Ta dubi Elwood ta saman takardunta. "Dukanku, Mista Tackett. Umarnin kotu ne."

Roscoe ya tasa su gaba. Elwood ya tsaya a bakin ƙofar har na bayansa suka fara tura shi, sannan ya sa ƙafa.

Ɗakin ba wani abin kallo ba ne. Dogon tebur ne da zoben kofuna ya ɓata, kujeru kowace da irin tata, fanka mai ƙara, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. A kan tebur ga soyayyar kaza, ga kirɓaɓɓen dankali da romo, ga kek ɗin tuffa. Roscoe ya ja ƙofa daga waje. Elwood ya ji ƙarar rufewar da ya saba ji, amma yau daga ciki.

Ya zauna a ƙarshen tebur. Kowa ya yi tsit, ana miƙa faranti ana satar kallonsa. Ya ga in bai yi magana ba haka za a tashi.

"Opal, ke kin saba. In an rufe ku, me kuke fara yi?"

Opal ta ajiye cinyar kazarta. "Kana so ka sani da gaske?"

"Abin da ya kawo ni ke nan."

"Kwaikwayon alƙali."

Kafin ya ce wani abu ta miƙa hannu ta zare tabaraun daga fuskarsa, ta ɗora a ƙarshen hancinta. Ta miƙe, ta tura ciki gaba, ta ɗauki cokali ta buga tebur. Ta yi gyaran murya mai tsawo, sannan ta saki wata murya daga can ƙasan ƙirji.

"Jama'a, zan taƙaita." Ta dubi agogon hannunta, ta cire shi, ta kifa a tebur. "Amma idan muka duba, tun zamanin kakanninmu…"

Wani manomi ya ƙware da dankali. Matar da ke kusa da shi ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Opal ta ci gaba, ta kawo zancen gada, ta nuna wani da cokali ta ce ya zauna ya bar ɓata wa kotu iska. Ɗakin ya ɓarke. Elwood ya ji ta, ita ce dai dariyar nan da ta yi shekaru tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa tana hana shi sukuni. Ashe shi ne alade, shi ne shinge, shi ne komai. Ya so ya ɓata rai, abin ya gagara, ya yi ta dariya har haƙarƙarin da Opal ta daka ya motsa.

Da aka lafa, ya share ido da bayan hannu.

"To bayan nan fa?"

Opal ta zauna. "Bayan nan sai a yi shiru, don kowa tsoro yake ji. Dariyar ma ta tsoro ce, Alƙali. An ba ka mutum a hannu, kai kuwa jiya kana dafa wake." Ta cire tabaraun ta riƙe. "Rabin dokar da kake karanta mana ba ma ganewa, kada ka ji haushi. Amma kullum in ka gama kakan rufe littafi ka ce, ku tuna gobe za ku haɗu da mutanen nan a kanti, ku yanke abin da za ku iya kallon idonsu da shi. Duk zaman da na yi a ɗakin nan, sai wani ya ce, to, kun dai ji abin da tsohon ya ce. Daga nan muke farawa."

Manomin ya gyaɗa kai. "Babana ya yi zaman 'yan sha biyu a gabanka. Har ya rasu yana faɗin maganar nan."

Elwood ya kai hannu fuska zai cire tabarau, ya tarar babu. Ya dubi silin.

"Ga shi nan ya fara," in ji Opal. "Ku sasanta da kazar nan kafin ta huce."

Sun daɗe a ciki fiye da yadda cin kaza ke buƙata. Da Roscoe ya buɗe ƙofa, Maxine tana zaune kusa da kujerarsa da jakarta a cinya. Alƙaliya ta sallame su da godiya. Elwood ya fito da maiƙo a gaban riga, ya kama hannun matarsa suka sauka matakala.

"Har waje ana jiyo ku," ta ce. "Na tambayi Roscoe, ya ce shi ƙofa aka ba shi gadi. Me kuke wa dariya haka?"

Elwood ya buɗe mata ƙofar mota, ya zagaya ya shiga, ya gyara zaman tabaraunsa. Ta jira jawabi, har ta jingina ta shirya masa.

"Abin da aka yi a ɗakin can, can ake barin sa," ya ce, ya tada mota.

Har suka isa gida bai ƙara ko kalma ɗaya ba, murmushi kawai yake yi.